Houston: Birnin da ɗan mai sayar da siminti daga Legas ya ɗaga wa tuta

Duk wanda ya taɓa kwance dilar gwanjo a Birnin Ƙonni ko Ɗan Issa ko Jibiya ya san rigunan nan marasa hannu masu ƙaton lamba a baya. Wata an rubuta Bulls, wata Lakers, wata kuma ja wur an rubuta Rockets. Samari kan yi rububinsu, mu kuwa iyakarmu mu yi musu kuɗi mu sallama. Amma kowace riga akwai gari a bayanta, akwai kuma ciniki na biliyoyin daloli da rigima da bashi. A yau mun ɗauko garin jar rigar, wato Houston da ke jihar Texas, birni na huɗu a yawan jama'a a Amurka, mai mutum sama da miliyan 2. Dalilinmu biyu ne. Na farko, wanda ya fi kowa ɗaukaka sunan garin a fagen wasa ɗan Afirka ta Yamma ne, Musulmi, ɗan gidan ƴan kasuwa. Na biyu, tarihin wasannin Houston tarihin ciniki ne tsantsa, kuma ɗan kasuwa zai fi kowa saurin gane shi.

Sai mun fara warware wani abu tukuna. A wurinmu ƙungiyar ƙwallo ta gari ce. Idan ta yi sakaci ta faɗo rukuni na biyu, idan ta yi ƙoƙari ta sake hawa, amma ba ta ƙaura. A Amurka ƙungiya kamar rumfa ce a babbar kasuwa. Masu kasuwar sun ƙayyade yawan rumfunan, babu mai faɗuwa ƙasa komai lalacewarsa, kuma mai rumfa yana iya kwashe kayansa ya koma wani gari idan ya ga can ta fi ci, muddin sauran masu rumfuna sun yarda. Sabbin ƴan wasa kuwa yawanci daga jami'o'i ake kwaso su, a raba su shekara-shekara, ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ne ke fara zaɓe. Saboda haka wasan jami'a a can babban al'amari ne, yana cika fili mai cin mutum dubu 50 ko fiye.

Filin da aka yi wa rufi

Houston gari ne na man fetur da tashar jiragen ruwa, ga zafi ga gumi ga sauro. A 1960 wani attajirin mai, Bud Adams, ya kafa ƙungiyar Oilers ta ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, wadda suke kira futbol ko da yake hannu ya fi aiki a cikinta. Oilers ta ci kofin sabuwar gasar AFL a 1960 da 1961. A 1962 garin ya samu ƙungiyar besbol, wasan da ake maka wa ƙwallo kulki, aka sa mata suna Colt .45s, sunan wata ƙaramar bindiga. Filin da suka fara wasa a buɗe yake, ƴan kallo na fama da rana, da dare kuma sauro ya karɓi aiki.

Tsohon magajin garin, Roy Hofheinz, shi ya dage sai an gina fili mai rufi da na'urar sanyaya iska. Da kuɗin jama'a za a yi, don haka sai an jefa ƙuri'a kan cin bashin. A lokacin ana wariyar launin fata a kudancin Amurka, shugabannin baƙaƙen fata na garin suka ce za su ba da goyon baya ne kawai idan kowa zai shiga filin ya zauna inda kuɗinsa ya kai shi. Aka yarda. A watan Afrilun 1965 aka buɗe Astrodome, wanda ya ci kimanin dala miliyan 35, har Shugaba Lyndon Johnson ya halarta. Ƙungiyar besbol ta koma Astros, don Houston ce cibiyar horar da ƴan sama-jannatin Amurka.

Abin dariyar shi ne rufin na gilashin roba ne, hasken rana ya riƙa kashe wa ƴan wasa ido ba sa ganin ƙwallo idan ta yi sama. Aka shafa wa rufin fenti, sai ciyawar filin ta mutu. Ala tilas a 1966 aka shimfiɗa ciyawar roba ta kamfanin Monsanto, wadda ta ɗauki sunan AstroTurf. Ciyawar robar da ake shimfiɗawa a filayenmu yau, daga nan kasuwarta ta buɗe.

A wannan fili Muhammad Ali ya yi wa Cleveland Williams dukan kawo wuƙa a watan Nuwamban 1966, ya gama da shi a turmi na uku. A watan Fabrairun 1967 ya kara da Ernie Terrell, wanda ya ƙi kiransa da sunansa na Musulunci, ya ci gaba da ce masa Clay. Ali ya jibge shi har turmi 15, yana dukansa yana tambayarsa sunansa. A Houston ɗin dai, ranar 28 ga Afrilun 1967, aka kira Ali shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, ya ƙi matsowa gaba. Aka ƙwace kambinsa, kotun garin ta yanke masa ɗaurin shekara 5 da tarar dala 10,000. Bai shiga gidan yari ba saboda ya ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli kuma ta soke hukuncin a 1971, amma ya yi asarar fiye da shekara uku na ganiyarsa. George Foreman, wanda Ali ya kayar a Kinshasa a 1974, shi ma a wata unguwar talakawa ta Houston ya tashi. Ya rasu a watan Maris na 2025.

Jami'a ta buɗe ƙofa

Jami'ar Rice ce tsohuwar mai suna a garin. A filin wasanta Shugaba Kennedy ya yi jawabin zuwa duniyar wata a 1962, a nan kuma aka yi wasan ƙarshe na Super Bowl a 1974. Akwai Texas Southern, jami'ar da aka kafa don baƙar fata a zamanin wariya. Amma wadda ta juya tarihi ita ce Jami'ar Houston. A 1964 kocinta na ƙwallon kwando, Guy Lewis, ya ɗauko samari biyu baƙaƙe daga jihar Louisiana, Elvin Hayes da Don Chaney, a lokacin da yawancin jami'o'in kudu ba sa ko tunanin haka.

Ranar 20 ga Janairun 1968 Lewis ya kai yaransa Astrodome suka tari jami'ar UCLA, wadda ta yi wasa 47 a jere ba a doke ta ba, ga ta da dogon nan Lew Alcindor da daga baya ya musulunta ya zama Kareem Abdul-Jabbar. Mutum 52,693 suka shiga kallo, aka nuna wasan a talabijin a faɗin ƙasar. Hayes shi kaɗai ya zuba maki 39, Houston ta yi nasara da 71 da 69. Daga ranar masu talabijin suka gane akwai kuɗi a wasan ɗalibai. Su kuwa ɗaliban, ban da karatu da abinci da makwanci kyauta, doka ta hana su karɓar ko sisi. Jami'a ta ci, koci ya ci, mai talabijin ya ci, wanda ya yi gumin ya tashi da godiya. Haka aka yi ta tafiya har 2021, lokacin da aka ba ɗalibai damar karɓar kuɗin talla da sunansu, sannan a 2025 wata kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyansu kai tsaye. A ganinmu an daɗe ana cin guminsu kafin a kai ga haka.

Daga wannan jami'a Carl Lewis, mai lambobin zinare 9 a gasar Olamfik, ya fito. Nan ne kuma Andre Ware ya zama baƙar fata na farko mai jagorantar hari da ya ci kyautar Heisman, a 1989.

Hakeem

An haifi Hakeem Olajuwon a Legas ranar 21 ga Janairun 1963. Iyayensa Yarabawa ne masu sana'ar siminti. Mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, yana kuma buga ƙwallon hannu, sai da ya kai shekara 15 ya fara taɓa ƙwallon kwando. A 1980 ya sauka filin jirgin saman Houston don a gwada shi a jami'a, ba wanda ya zo tarbarsa, tasi ya shiga ya kai kansa. Dogo ne da aka rubuta tsayinsa mita 2.13, siriri, bai san dokokin wasan sosai ba. Abin da ya gyara shi, a lokacin hutu ya riƙa zuwa wani zauren wasa na unguwa mai suna Fonde yana karawa da Moses Malone, gwarzon Rockets na lokacin, wanda ba ya raga masa ko kaɗan.

Shi da Clyde Drexler da abokansu suka zama abin kallo a Amurka saboda yadda suke tashi sama suna dankara ƙwallo cikin kwando. Sau biyu jami'ar ta kai wasan ƙarshe na ƙasa, sau biyu tana dawowa hannu rabbana. A 1983 North Carolina State ta doke su da 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe, a 1984 kuma Georgetown ta Patrick Ewing ta yi musu fintinkau. Har yau jami'ar ba ta ci kofin nan ba. A 2025 ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Florida ta ƙwace da 65 da 63.

Rockets kanta ba haifaffiyar Houston ba ce, daga San Diego aka sayo ta a 1971 da sunanta. A rabon ƴan wasa na 1984 ita ce ke da zaɓin farko, ta ɗauki Olajuwon. Wanda aka ɗauka na uku a ranar shi ne Michael Jordan. Duk da abin da Jordan ya zama, da wuya ka ji mutumin Houston yana cewa an yi faɗuwar ciniki, wannan kuwa ya isa shaida.

Ya kai su wasan ƙarshe a 1986, Boston ta doke su. Shekarun farko an san shi da zafin rai da faɗa a fili. Daga bisani ya koma ga addini sosai, a 1991 ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem, halinsa ya sanyaya, wasansa kuma ya ƙaru. A 1994 ya haɗa kyauta uku a shekara guda: gwarzon gasar NBA, gwarzon masu tsaron baya, da gwarzon wasannin ƙarshe. Rockets ta doke New York da wasa 4 da 3, wato ya rama abin da Ewing ya yi masa shekara goma baya. A 1995 suka shiga zagayen kifa-ɗaya-ƙwala a matsayi na shida a yankinsu, ba wanda ya sa su a lissafi, suka bi manya ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe suka share Orlando ta Shaquille O'Neal da 4 da nema. Rudin da yake yi wa abokin karawa da ƙafa da kafaɗa, wanda ya ce daga ƙwallon ƙafar Legas ya samo shi, har yau manyan ƴan wasa na zuwa ya koya musu. Sau 3,830 ya tare ƙwallo a hanyarta ta shiga kwando, ba a rubuta wa kowa adadin da ya kai haka ba a tarihin NBA.

Azumin 1995 ya kama a farkon Fabrairu. Hakeem ya yi azuminsa yana buga wasa, aka kuma zaɓe shi gwarzon wannan wata. Wanda ya taɓa sauke buhunan masara daga tirela da azumi a baki ya san abin da muke nufi.

Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne cinikinsa. A lokacin da takalman da ke ɗauke da sunan manyan ƴan wasa ke kai dala 120 ko fiye, shi ya ƙulla da kamfanin Spalding aka yi takalmi mai sunansa na dala 35. Hujjarsa ita ce uwa mai ƴaƴa uku da ke aikin ƙarfi ba ta iya sayen mai tsadar, kuma tsadar ce ke sa yara sata har da kisa. Bayan ya yi ritaya a 2002 ya duƙufa kan sayen filaye da gine-gine a Houston, kuma lakadan yake saye, ba ya cin bashin banki saboda kuɗin ruwa. A ƙasar da kusan kowane mai harkar gidaje da bashi yake juyawa, mutane sun ɗauka ya ɗaure kansa. Sai ga shi rashin bashin ya ba shi abin da sauran ba su da shi: ba bankin da ke matsa masa, yana iya riƙe kaya har kasuwa ta yi kyau, mai sayarwa kuma ya fi son wanda zai biya nan take. Jaridun Amurka sun ƙiyasta ribarsa da sama da dala miliyan 100. Ya kuma sayi wani tsohon ginin banki a tsakiyar birnin ya mai da shi masallaci da cibiyar da'awa, aka buɗe a 2002.

Bayansa ma ba a rasa ƴan Afirka a Rockets ba. Dikembe Mutombo na Kwango a nan ya ƙare wasansa a 2009, a 2023 kuma aka ba Ime Udoka, wanda ya taɓa buga wa Najeriya, aikin koci.

Ranar da mai rumfa ya kwashe kayansa

Duk wannan farin jini na Rockets, futbol ne ran mutanen Texas, Oilers kuma ita ce ƴar lelen gari, musamman a ƙarshen shekarun 1970 zamanin Earl Campbell. A 1987 Bud Adams ya ce Astrodome ta yi masa kaɗan, idan ba a faɗaɗa ba zai koma Jacksonville. Hukumar yankin ta ciwo bashin dala miliyan 67 ta ƙara kujeru kimanin 10,000. Ba a yi shekara goma ba ya dawo yana neman sabon fili gaba ɗaya. A tsakanin nan ƙungiyar ta yi abin kunyar da har yau ake ba da labari: a watan Janairun 1993 tana gaban Buffalo da 35 da 3, aka tashi an cinye ta da 41 da 38. Wannan karon magajin gari Bob Lanier ya ƙi. Nashville ta yi tayi mai tsoka, Adams ya sallama. Kakar 1996 aka buga ta a fili kusan wayam, don ba mai biyan kuɗi ya kalli wanda ya riga ya ɗaure kayansa. Ƙungiyar ta koma jihar Tennessee, daga baya ta zama Titans, ta tafi da sunan Oilers da launin rigar da tarihin duka. Bashin kujerun kuwa ya zauna a wuyan mutanen Houston, suka yi shekaru suna biya.

Abin mamaki, garin da ya ƙi gina fili ɗaya sai ga shi ya gina uku cikin shekara huɗu, don tsoron kada sauran su bi sahu: na besbol a 2000, na futbol a 2002, na ƙwallon kwando a 2003. Kaso mai yawa na kuɗin daga harajin ɗakunan otal da motocin haya ya fito, wato baƙo ke biya. Bob McNair ya ba hukumar NFL dala miliyan 700 a 1999 kafin a ba shi sabuwar rumfa, ƙungiyar Texans, wadda ta fara wasa a 2002, kuma ba ta taɓa kaiwa Super Bowl ba. Kada mai karatu ya tausaya wa Houston da yawa. Yadda aka ƙwace mata Oilers, haka ita ma ta karɓe Rockets daga San Diego, ta kuma karɓe ƙungiyar ƙwallon ƙafa daga San Jose, wadda ta zama Dynamo ta ci kofin MLS a 2006 da 2007.

Hatta sunan fili haja ne a can. Kamfanin makamashi na Enron ya yi alkawarin dala miliyan 100 don a sa sunansa a filin besbol na shekara 30. A ƙarshen 2001 asirinsa ya tonu cewa lissafin ƙarya yake nunawa, ya durƙushe, dubban ma'aikata suka rasa aiki da kuɗin fanshonsu. Astros ta biya kuɗi don a cire sunan daga bango. Filin ya zama Minute Maid, sunan lemon kwali, daga 2025 kuma Daikin, kamfanin na'urar sanyi na Japan.

Ga mai son sanin ribar riƙe rumfa: Leslie Alexander ya sayi Rockets a kan dala miliyan 85 a 1993, ya sayar wa Tilman Fertitta a kan dala biliyan 2.2 a 2017. Wani ɓangare na wannan daraja daga ƙasar Sin ya zo, tun da ƙungiyar ta ɗauki Yao Ming a 2002 ta samu miliyoyin masoya a can. A 2019 manajanta Daryl Morey ya rubuta ƴan kalmomi a Twitter yana goyon bayan masu zanga-zangar Hong Kong, nan take kamfanonin Sin suka janye, gidan talabijin na gwamnati ya daina nuna wasannin NBA na wani lokaci. Mai ciniki a bakin iyaka ya san yadda magana ɗaya daga sama ke rufe hanya. Matan garin ma sun ɗanɗana rashin tabbas ɗin: Comets ta ci kofin WNBA huɗu na farko a jere, daga 1997 zuwa 2000, amma a 2008 aka rufe ta don an rasa mai saye.

Kofi da gangar shara

Astros ta jira shekara 55 kafin ta ci kofin besbol. Ya zo a 2017, wata biyu bayan guguwar Harvey ta nutsar da unguwanni da dama, mutane suka yi murna har da hawaye. A ƙarshen 2019 wani tsohon ɗan wasansu, Mike Fiers, ya fasa ƙwai. Ashe sun kafa kyamara tana leƙen alamun da mai kama ƙwallo na abokan karawa ke yi da yatsu, wani na kallo a talabijin a bayan fage, sai ya buga gangar shara don sanar da mai kulki irin jifar da ke tafe. Mudu biyu ke nan, na saye daban na sayarwa daban. A watan Janairun 2020 aka ci ƙungiyar tarar dala miliyan 5, aka dakatar da koci A.J. Hinch da manaja Jeff Luhnow, mai ƙungiyar kuma ya kore su a ranar. Ba a hukunta ɗan wasa ko ɗaya ba, ba a kuma karɓe kofin ba, abin da mu dai muke gani hukuncin jeka-na-yi-ka ne. Sun sake cin kofin a 2022 a ƙarƙashin dattijo Dusty Baker, amma a garuruwa da yawa ba a daina yi musu ihu ba.

Hukumar FIFA ta ba Houston wasanni 7 na gasar cin kofin duniya ta 2026 a filin NRG, da sharaɗin a shimfiɗa ciyawa ta gaske a kan ta roba. Dab da wannan fili Astrodome take tsaye. Aikinta na ƙarshe da duniya ta gani shi ne a 2005, lokacin da ta ba dubban mutanen New Orleans mafaka bayan guguwar Katrina. Ƴan shekaru bayan haka jami'an kashe gobara suka hana taro a cikinta. A 2013 aka nemi jama'a su amince da bashin dala miliyan 217 don a gyara ta, suka ƙi. A 2017 jihar Texas ta sa ta cikin gine-ginen tarihi, wanda ke nufin ba a rushe ta sai da izinin hukuma. An sayar da kujerunta da yankan ciyawar robarta ga masu son ajiye abin tunawa, hukumar yankin kuma ta mai da cikinta wurin ajiye kaya.